Chapman Ɗin Kawu

Likita ne ya jawo maganar. Ya auna jinin Kawuna a wani asibiti a Kafanchan, ya ce sukari ya yi yawa: daga yau ba lemun kwalba, ba shayi mai kauri, tuwon masara ma a rage malmala a koma acca. Kawu ya amince da komai ban da abu guda. Mutum ne da ko burkutu bai taɓa kai wa bakinsa ba, amma duk Kirsimeti sai an haɗa masa Chapman a babban kofi mai hannu, ya hakimce a gindin mangwaron gidanmu na Samaru Kataf yana amsa gaisuwar 'yan uwan da suka zo daga Jos da Kaduna da Abuja.

Ni kuwa a danginmu ni ne ɗan boko mai wayar da ba ta rabuwa da intanet, sai na ce, "Kawu, ku kwantar da hankalinku, zan haɗa muku wanda babu sukari ko ƙwaya ɗaya."

Da na zauna lissafi sai na gane abin da na ɗauko. Chapman dai Fanta ce da Sprite, da jan ruwan nan mai kauri na grenadine ko Ribena, da ɗigon Angostura, sai yankan kokwamba da lemun tsami da ƙanƙara. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan ƙwaya tara ke nan, kuma 'yan uwanta ba su yi mata nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma 25. Gwamnati ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemun zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, Kawu bai ko lura ba. In ka zare sukari daga Chapman, abin da ya rage a kofin kokwamba ce tana iyo.

Sai na shiga canji. Ja dai zoɓo ya fi kowa ja, an gama da grenadine. Fanta da Sprite, ruwan soda zai tsaya musu. Ƙamshi kuwa ai a gidan citta muke. Daga Kachia zuwa ƙasar Jaba babu wanda zai koya mana. Tun annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 uwargida take ɓoye tata a ƙasan akwati, na lallaɓa na kwaso, na kirɓa a turmi. Angostura ce ta gagara samuwa a shagunan da na leƙa. Na karanta cewa wani likita Bajamushe mai suna Siegert ne ya ƙirƙiro ta a Benezuwela a 1824, maganin ciki ce asalinta, kuma ɗaci ne aikinta. Maganin ciki mai ɗaci? Ga shuwaka nan a bayan gida ta fi ni tsawo. Har gobe ina kan bakana cewa wannan tunani babu kuskure a cikinsa.

Ranar Kirsimeti na tsinko ganyen, na murza a kwano. Koren ruwa ya fito da kumfarsa, na tace da rariya na tuttula a bokitin zoɓo. Na matse lemun tsami. Na ɗanɗana, sai na ji haƙorana sun mutu, wuyana ya shige kafaɗa. Uwargida tana bakin murhu tana kallona ta gefen ido.

"Baban yara, ko a sa ɗan zuma?"

Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa zuma ma sukari ce, dabino ma haka, abarba ma haka. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da juya shinkafarta.

Nan na tuna yadda Inna take kashe tsamin yakuwa da kanwa. Na jiƙa dunƙule guda na zuba. Bokitin ya yi wani huci, kumfa ta taso har baki, jan nan mai kyau ya dushe ina ji ina gani, ya koma shuɗi-shuɗi, baƙi-baƙi, kamar ruwan marinar Ƙofar Mata. Ashe launin zoɓo da tsami yake tafiya, kanwa na shiga yake juyewa. Lokaci ya ƙure, an taso daga coci. Na ɗura a manyan gorunan roba, na cika da soda, na toshe, na girgiza don ya haɗu.

Kawu yana zaune cikin farar shadda, 'yan Zumuntar Mata sun shigo gaisuwa sun kewaye shi. Na durƙusa gabansa da kofi, da yankan kokwamba a baki yadda ake yi a otal, na murɗe murfin gora. Abin da ya biyo baya ya kai reshen mangwaro. Wanda ya sauko ya raba kansa tsakanin babbar rigar Kawu da ɗankwalayen mata uku.

Tsohon bai ce uffan ba. Ya miƙo kofin, na zuba abin da ya rage, ya kurɓa. Ya daɗe idonsa a rufe, gemunsa yana rawa.

"Ɗana, likitan ne ya ce ka kashe ni, ko kai ka ga dama?"

Gwaggo ta karɓi kofin ta ɗanɗana, ta tofar, ta sake ɗanɗanawa, sannan ta yanke hukunci: abu mai ɗaci haka ba zai rasa magani ba. Ta tafi da gora biyu. Kafin a tafi bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, labari ya zaga unguwa cewa ina haɗa maganin shawara da zazzaɓi. Da sassafe sai in ji sallama, yaro ne riƙe da kwalba, wai mamarsa ta ce a sam mata na naira ɗari biyu, kuma a ƙara shuwaka.