Mu Biyu Kacal, Mu Goma Sha Ɗaya

Tun da aka yi sulhu a ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen 2024, har Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara, abubuwa da dama suka dawo mana: motocin hatsi, 'yan koli, da masu tallar maganin basir da lasifika. Abin da ban zata ba shi ne kwanciyar hankali za ta bar mai ɗakina ta zauna da waya a hannu har ta gano yadda matan birni ke rayuwa.

Wani dare bayan isha ta miƙo mini wayar. Wani ne da matarsa a kan dutse, sun sa kaya iri ɗaya, suna dariya ba tare da an ba da labari ba.

"Malam, hutun ƙarshen mako ke nan. Su biyu kacal."

Na ce, "To, me suka je yi?"

"Ba komai."

Nan na san akwai aiki. A garinmu Kutemeshi dalili huɗu ke fitar da mutum da iyalinsa daga gari: biki, suna, ta'aziyya, asibiti. A shekarun baya an ƙara na biyar, wanda ba a tsayawa ɗaukar hoto. Amma "ba komai" bai taɓa shiga lissafi ba.

Na fara neman mafita. Na tuna mata cewa mu ma Allah bai rage mu da komai ba: ga dajin Kamuku a ƙaramar hukumarmu, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema. Ta dube ni duban da ake yi wa mai cin bashi ya zo da labari, ta ce in ina da wanda zan gaisar a dajin in je ni kaɗai. Ita ginin nan na Kajuru take so, wanda wani Bajamushe ya ɗora a kan dutse. Da na ji kuɗin kwana, sai na tuna mata cewa dutse dai dutse ne. Muka daidaita a kan Kwatarkwashi, garin nan na gindin dutse a hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Kuskurena ɗaya: na je yi wa Inna sallama.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna."

"Jikin nata ne?"

"Lafiyarta lau. Hutawa za mu je yi."

Inna ta yi shiru, ta ƙare mini kallo. "Tabarmar gidanka ƙaya ta fito mata?"

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Majalisar bakin masallaci ta rabu biyu: masu cewa an yi mini asiri, da masu cewa aure zan ƙara shi ya sa nake lallashi. Amma Bahaushe ko bai yarda da tafiyarka ba, ba ya barin kujera ta tafi a banza. Gwaggo ta tuna tana da 'yar ɗaki a Kwatarkwashi da rabonta da ita tun zamanin Abacha. Yaranmu uku ba a bar su ba, don haka aka ɗauko ƙanwar mai ɗakina ta riƙe su. Ƙanina ya ce hanya sai da namiji, kamar ni zani na ɗaura. Matar maƙwabci da goyonta za su gaisuwa, sai wani almajiri da za a sauke a Tsafe. Motar da na ɗauka shata don mutum biyu ta tashi da mutum goma sha ɗaya, da buhun masara na sautu, da akuya. Mai ɗakina tana can kujerar baya, ni ina gaba da kwanon furar Gwaggo a cinya.

Da muka isa na yi subul da baka, na ce mu biyu za mu wuce Gusau mu kama ɗaki a otal. Maigidan da aka sauke mu wajensa ya dafe ƙirji. "Otal? Da ranmu? Me muka yi muku?" Nan take aka yi rabon da aka saba: mata cikin gida, maza shagon ƙofar gida. Na kwana tsakanin ƙanina da wani baƙo mai minshari kamar injin niƙa.

Asabar ta tafi a gaishe-gaishe. Wanda ya zo gari bai shiga gidan wane ba ya yanke zumunci, kuma kowane gida da kwanon tuwonsa. Duk wanda ya tambayi abin da ya kawo mu, Gwaggo ce ke amsawa: "Rakiyata suka yo." Ni kuwa in ina son magana da matar da na biya sadakinta, sai in aiki yaro, ya dawo ya ce, "Ta ce tana tankaɗe."

Da yamma dai muka nufi dutsen. Gaskiya abin kallo ne, ya tsaya a kan garin kamar ya ba shi ajiya. Na wuce gaba da taku goma kamar yadda muka gada, kada a ce na lalace. Da aka zo hoto kunya ta kama mu duka, muka bar tazarar da jaki zai wuce da mangala. Gwaggo ta ga fili ta shige. A hoton hutunmu guda ɗaya tilo, ni rabin fuska ne, mai ɗakina gefen mayafi, Gwaggo ce dai ta fito tas.

Abin da na gano ke nan: mu ba ƙaunar matanmu ba ne ba ma yi, takardar izini ce ba mu da ita. Mutum zai sayar da buhu goma ya kai matarsa asibitin Shika a yaba masa, amma ya kai ta shan iska da lafiyarta sai a fara yi masa addu'a.

Ranar Lahadi Allah ya dube mu. Aka haihu a gidan, Gwaggo ta ce ba inda za ta sai an yi suna, ta riƙe yara da sauran ayari. Muka kamo hanya mu biyu. Muka iso Kutemeshi da magariba, gida tsit, ba kuka, ba "Baba ya ce, Inna ta ce." Ta dafa taliya da manja, muka sa hannu a kwano ɗaya, abin da rabonmu da shi tun muna amarci. Ta yi dariya ba tare da na ba da labari ba. Na ce a raina, ashe abin da na wayar nan ke ji ke nan.

Loma ta huɗu na kai aka kwaɗa sallama a zaure. Majalisa ce ta zo sannu da zuwa, kuma ina tsaraba?