Faifan da Ba Ya Zaluntar Kowa

Duk mai neman alƙalin da ba ya karɓar toshiya kuma ba ya duban fuska, ya daina gajiyar da ƙafarsa a kotuna, ya nufi Monte Karlo. A can aka girke faifan cacar nan da Faransawa suka raɗa wa suna rulet, kuma ban san wani abu da ɗan Adam ya ƙera da ya kai shi riƙon amana ba. Attajiri ya zo, ya tashi da aljihu fayau. Talaka ya zo, shi ma haka. Ina aka taɓa ganin daidaito irin wannan?

Faifan yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. Goma sha takwas ja, goma sha takwas baƙi, sai sifiri shi kaɗai sanye da kore kamar ango. Mai tebur, cikin baƙar kwat, fuska ba yabo ba fallasa, zai murza faifan gefe guda, ya cilla ɗan farin ƙwallo ɗaya gefen. Ƙwallon bai fi kanya girma ba. Ya dinga zagaya bakin kwanon yana ƙara siririya, mutane na ta tura kuɗi kan lambobi, har mai tebur ya shafa hannu bisa teburin ya ce ba sauran zubi. Daga nan sai numfashi ya ɗauke.

Dubi kuma karamcin gidan. Wanda lambarsa ta fito ana ninka masa zubinsa sau 35, a mayar masa da uwar kuɗinsa. Ka sa fam ɗaya a kan kowace lamba don kada ka faɗi: ka fitar da 37, an miƙo maka 36. Ka ci fa, har na kusa da kai ya taya ka murna. Fam ɗayan da ya yi ɓatan dabo kada ka kira shi sata, tukuicin ango ne, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da ya hau teburin. Amurkawa, da yake ba su son a fi su kyauta, suna da ango biyu, sifiri da tagwayen sifiri, gurbi 38, tukuici kashi 5.26. Shi ma sifiri ɗayan nan na Turai sadaka ce. Wasu 'yan'uwa biyu, François da Louis Blanc, suka cire ɗaya a 1843 a garin Bad Homburg na Jamus, saboda tsabar tausayi, da kuma ɗan abin da ba a rasa ba na janye 'yan caca daga gidajen abokan hamayya. Har adabi sai da ya ci albarkacin garuruwan cacar Jamus. Ba don sun tatse marubuci Dostoyevsky tas ba, da wa ya sani ko bashi da wa'adin mai ɗab'i za su matsa masa ya gama littafinsa na ɗan caca cikin kwana 26 a 1866?

Abu ɗaya ne ke ɓata wa faifan suna, wato shi ƙwallon kansa, wanda ya cika ladabi. Gidan yana shela cewa sa'a ce, shi kuwa ƙwallo bai san wata sa'a ba, dokokin Newton kawai yake bi sau da ƙafa. Muddin yana gudu sosai, gudun ne ke manne shi da bakin kwano. Gugar katako da iska suna ta rage masa ƙarfi, zagaye bayan zagaye, har ya kai wani mataki inda jan ƙasa ya rinjaye shi, ya saki baki ya gangaro. Abin takaicin shi ne, a faifai guda, kusan a gudu iri ɗaya yake sakin bakin kowane lokaci, ko an cilla shi da ƙarfi ko a hankali. Faifan tsakiya kuwa nauyi gare shi, juyinsa ba ya saurin sauyawa. Saboda haka duk wanda ya iya auna tsawon lokacin zagaye biyu ko uku, zai iya lissafa inda ƙwallo zai sauko da lambobin da za su iso wurin a daidai lokacin. In kuma teburin ya ɗan karkata, ko da karkatar ba ta kai digiri ɗaya ba, sai ƙwallon ya riƙa fifita gefe guda wajen saukowa, kamar jakin da ya san hanyar gida.

Gaskiya ne akwai 'yan ƙarafa masu siffar lu'ulu'u da aka dasa a gangaren don ya yi tuntuɓe, ga kuma shingayen da ke tsakanin gurabe suna watsa shi nan da can. Masanin lissafi Henri Poincaré ya yi bayani tun farkon ƙarni na 20 cewa a irin wannan wasa, bambancin da ido ba ya gani a farko shi ke zama babban bambanci a ƙarshe. To amma mai lissafi ba ya bukatar sanin gurbin. Ya ishe shi ya san rabin faifan da ƙwallo ba zai je ba. Gidan da ke rayuwa a kan kashi 2.7, in ka cire masa rabin faifai ai ka cire masa wando a kasuwa.

Nan ɓata-gari suka shigo. Edward Thorp, matashin malamin lissafi a jami'ar MIT, ya haɗa baki da Claude Shannon, mutumin da ya aza harsashin ilimin sadarwar zamani, suka sayi faifai suka kai ɗakin ƙasa na gidan Shannon. Maimakon su yi wa duniya wani abin kirki, sai suka ƙera kwamfuta mai girman kwalin sigari, taransista 12 a cikinta. Mutum ya latsa maɓalli da babban yatsan ƙafa duk lokacin da ƙwallo ya wuce wata alama, ita kuma ta aika sauti cikin kunne, kowane sauti yana nuna kashi ɗaya cikin takwas na faifan. Lissafinsu ya nuna ribar kashi 44 cikin ɗari. A 1961 suka kai ta Las Vegas. Allah ya taimaki adalci, wayoyin da ke zuwa kunne sirara ne kamar gashi, suka yi ta tsinkewa.

A ƙarshen shekarun 1970 wasu ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, cikinsu har da Doyne Farmer da Norman Packard, suka maimaita rashin kunyar, har suka kai ga cusa kwamfutar cikin takalmi. Su kuma gumi ne ya yi maganinsu, yakan haɗa wayoyi lantarki ya ja mutum yana tsaye gaban tebur, dole ya daure ya yi murmushi. Kura da shan bugu. Sun ci 'yan kuɗi kaɗan, suka koma suka zama manyan masana ilimin hargitsi, wanda shi ne hukuncin da ya dace da su.

Hukuma ba ta yi barci ba. A 1985 jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta kafa doka: amfani da na'ura don hasashen sakamakon wasa a gidan caca laifi ne mai kai mutum kurkuku. Madalla da wannan hikima! Gida ya ɗauki masana, ya lissafa ribarsa har ɗigo na biyu, ya gina otal mai hawa talatin da ita, wannan kasuwanci ne. Baƙo ya ƙirga daƙiƙa da yatsan ƙafarsa, bai taɓa faifai ba, bai taɓa ƙwallo ba, wannan zamba ce. Masu hassada za su ce wanzami ba ya son jarfa. Ni dai na ce kishin sa'a ne: gidan yana ƙaunarta har ba ya son kowa ya rabu da ita, in ban da shi.

Ingila ce ta yi sake. A 2004 wasu mutum uku suka kwashe fam miliyan 1.3 a gidan cacar Ritz na Landan cikin dare biyu. 'Yan sanda suka kama su bisa zargin na'ura, aka yi ta bincike, ƙarshe aka sallame su da kuɗinsu. Sannan a 2012 Michael Small da Chi Kong Tse suka ƙara tona asiri a mujallar Chaos, suka nuna cewa ko da awo mai sauƙi ana iya juya asarar kashi 2.7 ta koma ribar kashi 18. Gidajen ba su yi musu ba, don masu kawaici ne. Tun kafin nan sun rage zurfin gurabe don ƙwallo ya ƙara tsalle, suna auna teburi da ma'aunin magina, suna umartar mai tebur ya rufe zubi da wuri in ya ga wani ya cika kallon bakin kwano. Ai tun a ƙarni na 19, da wani Baturen masaƙa daga Yorkshire, Joseph Jagger, ya gano faifai mai lahani a Monte Karlo ya fara ɗiba, cikin dare aka sauya wa faifan wuri, don a kare shi daga fitinar dukiya.

Kada kuma a ce gidan yana gaba da ilimi. Akwai ilimin da yake ɗaukar nauyinsa kyauta. Kusa da tebur za ka ga allon lantarki yana jera maka lambobin da suka fito a baya, wani wurin har kati da alƙalami ake ba ka don ka rubuta, ka yi nazari, ka gano cewa ja ta daɗe ba ta zo ba, yanzu kam dole ta zo. Ƙwallo ba shi da tunani balle ya tuna inda ya kwana ɗazu, amma wannan ba hujja ba ce ta hana mutum karatu. Ranar 18 ga Agusta, 1913, a Monte Karlo, baƙi ya fito sau 26 a jere, ɗaliban wannan makaranta suna ta ninka zubi a kan ja. Ba a kira ɗan sanda ko ɗaya ba a daren.

Mutanen Monako, ƙasar da Monte Karlo take ciki, su ne kaɗai nake tausaya wa. Tun zamanin da François Blanc ya karɓi ragamar gidan cacar Monte Karlo a 1863 suke ganin baƙi na tururuwa daga ko'ina suna kwasar wannan alheri, su kuwa dokar ƙasarsu ta hana su zama a teburin. Ana duba takardar shaida a ƙofa.