Masu Kallon Kyauta a Haj Abdalla

Abin kyauta ba ya rasa jama'a. In ka ce a biya ko da fam ɗaya ne, nan take mutum zai tuna cewa gobe da asuba ruwa zai shiga hawasharsa, wato gonarsa. In ka ce a zo a kalla don Allah, har wanda likita ya hana fita sai an kawo shi a amalanken jaki. Shi ya sa a da, duk ranar da samarin nan masu yawo da majigi suka sauka a ƙauyukanmu na gefen Haj Abdalla, suka ɗaure farin ƙyalle a bangon makaranta, to unguwa ta tashi ke nan. Manufarsu mai kyau ce: a kawo finafinan da ba na kasuwa ba, daga ƙasashe daban-daban, mutane su ga yadda wasu ke rayuwa, a fahimci juna. Ba su ne suka fara ba. Dattawan nan huɗu, su Ibrahim Shaddad, da suka kafa ƙungiyar 'yan fim ta Sudan a 1989, sun tsufa suna jan majigi a mota suna nuna Charlie Chaplin a fili, har Suhaib Gasmelbari ya yi fim a kansu, Talking About Trees, wanda ya ci kyauta a Berlin a 2019. Allah ya ba kowa ladansa. Amma ni waɗanda na fi fahimta a wurin kallon nan su ne maƙwabtana.

Yara ba sai an ɓata takarda a kansu ba. Tun la'asar suna gindin ƙyallen, wuyansu a tanƙware, kuma dole a samu ɗaya da zai miƙa hannu cikin hasken ya yi kan kare da yatsu a daidai fuskar jarumin.

Sai Injiniya. Ba wanda ya kira shi, ba shi ne mai janareton ba, amma yana tsaye a kansa da tocila a baki. Muddin injin yana aiki, ransa a ɓace yake. Da ya yi tari ya mutu, sai ka ga fuskarsa ta washe, ya ture mai shi, ya kwance abin da babu ruwansa, ya busa, ya mayar. Bayan an gaji da jira sai a gano fetur ne ya ƙare. Shi kuwa ya share hannu da jallabiya ya ce, “Ai na faɗa.”

To amma sarkin wurin, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, shi ne Baffa Tafinta. Finafinan nan da harsunan mutane suke zuwa, fassarar Larabci tana gudu a ƙasa. 'Yan makaranta suna bin ta, amma iyaye mata da dattawa kafin su haɗa kalma biyu layin ya wuce. Wannan giɓin Baffa ya gani ya shiga, ya kafa kujerarsa ta roba a tsakiyar fili, kuma har yau ba a samu mai ƙarfin halin tashinsa ba. Ya taɓa zama a Jidda yana aikin gadi, don haka a ganinsa babu harshen da ya gagare shi a bayan ƙasa. Farisanci, in ji shi, Larabci ne da mura ta kama. Faransanci kuwa ya ji shi a bakin 'yan Chadi.

Minti biyar na farko yana da amana, abin da aka rubuta shi yake faɗa. Da layi ɗaya ya kuɓuce masa, shi ke nan, fim ya rabu gida biyu: na kan ƙyalle daban, na bakin Baffa daban. In jarumi ya yi dogon bayani har jijiyar wuyansa ta tashi, sai Baffa ya ce, “Ya ce to.” In kuwa kalma ɗaya ya furta, Baffa zai kwashe minti biyu yana zuba, har da karin magana da rantsuwa. Kun san irin waɗannan finafinai da son shiru, mutum ya zauna yana kallon taga ba ya cewa komai. Baffa ba ya barin wannan fili ya tafi a banza. “Bashi ne ya dame shi,” in ji shi. “Ya ci kuɗin auduga tun ba a cire ta ba.” Mutumin kuwa a wani birni mai dusar ƙanƙara yake, bai taɓa ganin auduga a gona ba. In aka zo wurin da namiji ya matsa kusa da mace fiye da kima, kafin dattawa su fara gyaran murya Baffa ya riga ya yanke hukunci: “Ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.” Ba a taɓa nuna fim a gabansa ba da ya rasa ƙanwa.

Ranar da ya fi burge ni ita ce ranar fim ɗin Iran na Majid Majidi, Children of Heaven, na 1997. Labarin a fili yake: yaro Ali ya ɓatar da takalman ƙanwarsa Zahra, gidan babu halin sayen wasu, sai suka riƙa karɓa-karɓa da nasa, ita ta je makaranta da safe ta ruga ta kawo masa. Baffa ya duba ya ga labarin ya yi rama, sai ya ƙara masa kishiya. Ita ce ta sace takalman ta kai wa boka. Wata gwaggo ta ce, “Baffa, mu fa ba mu ga kishiyar ba.” Ko juyowa bai yi ba. “Tana ɗaki. Matan Iran kulle suke yi.” Da aka zo tseren gudu, inda Ali yake neman ya zo na uku saboda kyautar na uku ita ce takalma, ƙaddara ta sa ya zo na ɗaya ya tsaya yana hawaye, Baffa ya sanar cewa kukan murna ne, an ba shi kujerar Makka. Wani ɗan makaranta ya kasa haƙuri ya ce, “Baffa, ba haka aka rubuta ba.” Sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Yaro, kai rubutu kake karantawa. Ni zuciyarsa nake karantawa.” Aka yi dariya har da masu majigin, yaron ya koma ya zauna.

Za ka ɗauka in aka sa fim da harshen da kowa ke ji zai huta. Ina! Da aka nuna You Will Die at Twenty na Amjad Abu Alala, wanda labarinsa a wani ƙauyen Jazira yake, da Larabcin da muke ciniki da shi kullum a kasuwa, Baffa ya fassara shi tas. Da aka sa na Hausa daga Kano ma ya fassara, wai Hausar Kanawa ta yi sauri, kuma sun cika ta da Turanci. Kuma gaskiya ɗaya ce, tsofaffin mata nasa fim ɗin suka fi so. Daren da ya tafi Sinnar ta'aziyya, tun ba a kai rabi ba suka naɗe tabarmi, suka ce yau fim ɗin babu magana.

Akwai Kawu mai “a zamaninmu”. Shi ya shiga sinima ta gaske a Wad Madani, ya biya kuɗinsa, ya ga Shammi Kapoor a Janwar, don haka duk abin da aka nuna a bango wasan yara ne. Ma'auninsa ɗaya: fim ɗin da babu waƙa, babu doki, babu mugu mai gashin baki, ba a gama shi ba aka fito da shi. Kusa da shi za ka samu mai tambaya ɗaya tak, daga farko har ƙarshe: “Yaushe za a sa na Ibro?” An gaya masa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, ya ce ai ya sani, finafinan ba su rasu ba. In an hana shi Ibro, zai sauko zuwa Ali Nuhu.

Gwaggo kuwa ba kallo take zuwa yi ba, aikin ceto take zuwa. “Kar ki buɗe masa, 'yar nan! Wayyo, ta buɗe.” Tana yi wa marayan fim addu'a, tana tsine wa mai gidan haya, kuma washegari a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, za ta tambaye ka ko an ji labarin yarinyar nan, ta samu miji kuwa? In ana neman wanda manufar masu majigi ta cika a kansa, ita ce, don ita kaɗai ke ɗaukar mutanen cikin ƙyallen a matsayin dangi.

Malam yana zuwa ne don ya ga irin ɓarnar da ake shigowa da ita gari. Yana tsayawa can baya da carbi, yana istigfari a bayyane. Ba ya zama, domin zama yarda ne. A tsaye yake kallon fim ɗin har sunayen ƙarshe, kuma in wani dogo ya tare masa sai ya ce, “Ɗan matsa, Alhaji, in ga iyakar abin.”

Mai barci ya kwana biyu yana ban ruwa, ya zo da gadonsa na angareb, ya yi minshari tun daga sunan fim, ya farka da tafi ya ce ya yi ma'ana ƙwarai. Samari sun sha turare sun juya wa ƙyallen baya, abin kallonsu yana ɓangaren mata. Mai agashe da mai shayi da yarinya mai tallan tasali su ne kaɗai suka san kallon nan ba kyauta ba ne, kuma kullum addu'arsu janareto ya mutu, don a lokacin ciniki ke tashi. Ina zargin akwai yarjejeniya tsakaninsu da Injiniya.

Akwai kuma wani mai zuwa da ɗan littafi da biro, ya zauna gefe yana murmushin na-fi-ku-sani, wai shi nazarin jama'a yake yi. Bai taɓa kawo ko kwalbar fetur ba, bai taɓa taya ɗaure ƙyalle ba, agashen ma na mutane yake tsakura. In ka tambaye shi labarin fim ɗin Iran ɗin nan, har da kishiya zai ba ka. Ba zan faɗi sunansa ba, rubutunsa kuke karantawa.

Duk waɗannan nawa ne, in babu su ba ni zuwa. Mutum ɗaya ne ke sa in tashi da ɗacin rai, shi ne Ustaz mai jagorantar tattaunawa. Ba cikin samarin da ke ɗaukar kaya yake ba. Shi a gaban mota yake zuwa, fim yana gudana yana latsa waya, sai an kunna fitila ya karɓi makirufo. Da murmushi zai fara: yana farin cikin kasancewa tare da “baƙinmu masu albarka”, yana fatan fim ɗin ya koya mana yadda ake zama da mutanen ƙasa, kuma ko akwai wanda zai gaya wa taro yadda ake yi “a can ƙasarku ta asali”? Yana faɗin haka ne a gaban dattijon da aka haifi kakansa a bakin kogin garin nan.

Ustaz, Allah ya ba ka haƙuri, bari a tuna maka. An yi yaƙin Burmi a 1903, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas, garin da suka kafa kusa da Sinnar har yau sunansa yake amsawa. Kafin su ma mahajjata masu tafiya da ƙafa suna bin wannan hanya, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannayen su wa suka yi ta cirar audugar da aka riƙa lodawa a jirgin ƙasa? Mutanen da ke zaune a gabanka suna jin Hausa da Larabci, wasu har da Fulatanci, sun yi maƙwabtaka da auratayya da kabilun da kai sai a littafi ka san su. Kai da harshe ɗaya ka zo koya musu fahimtar juna. Kuma bayan jinin da aka zubar a jihar Nilul Azrak a Yulin 2022, inda rigimar ta taso daga batun wane ne ɗan ƙasa mai haƙƙin sarauta da filaye, kalmar “baƙo” ta wuce abin da za a yi ado da ita a makirufo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya jiran amsa. Dattijo yana gyara rawani zai yi magana, shi ya riga ya sa an tara masa yara marasa takalma an ɗauki hoto, ya shige mota. Baffa Tafinta ma, da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ranar nan cewa ya yi, “Wannan ba ta fassaruwa.”

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, sojoji ba su sake ƙwato garin ba sai Janairun 2025, kuma mutanen Jazira da yawa sun watse a tsakani, majigi ma ya tsaya. In Allah ya sa aka sake ɗaure ƙyalle a bangon makarantarmu, roƙona ga masu majigi kaɗan ne: ku zo da fetur isasshe, ku bar wa Baffa kujerarsa, Ustaz kuma ku shimfiɗa masa tabarma cikin mutane ya kalli fim ɗin tukuna. Makirufon ku miƙa wa dattijon nan, bai gama maganarsa ba.