Masu Sauya wa Inji Hula

A Amurka, idan aka jera tsofaffin motoci a filin nuni, mai mota zai ɗaga bonet, ya ja gefe, ya harɗe hannu yana jiran yabo. Inda ido ke fara sauka kuwa shi ne murafun kan inji, guda biyu a injin V8, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikin murfin bai taka kara ya karya ba: ya rufe bawul da ƙarafan da ke danna su, kada baƙin mai ya fantsalo, kada ƙura ta shiga. Ba ya ƙara gudu, ba ya rage shan mai. Hula ce kawai aka ɗora wa inji. Sai dai a ƙaramin injin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, noti huɗu ne ke riƙe da kowane murfi. Wanda bai taɓa kwance kafireto ba ma zai iya sauya shi da sifana ɗaya. Shi ya sa a nan halin kowa ke fitowa fili.

Mai Ƙyalli. Shi ne mafi yawa a fili. Ya cire murfin kamfani mai fenti ruwan goro, ya ɗora na ƙarfe mai walƙiya wanda mutum zai ga haƙoransa a ciki. Mai arha ya saya, ƙarfen siriri ne. Da ya ga ɗigon mai sai ya ƙara ɗaure noti, bakin murfin ya lanƙwashe, ɗigo ya zama yoyo, ya sake ɗaurewa. Man na sauka kan bututun salansa mai zafi, hayaƙi na tashi, mutane na ja da baya. Ka tambaye shi, sai ya ce gasket ne ba shi da kyau, masu yinsa sun daina tsoron Allah. Za ka gane shi da tsumma biyu a aljihun baya: ɗaya na goge ƙyalli, ɗaya na goge mai.

Mai Doki a Baki. Wannan ya fi na farko kuɗi. Nasa na alminiyam ne mai kauri, mai layi-layi a baya, da sunan Edelbrock ko Offenhauser a tsakiya, irin waɗanda masu tseren Kalifoniya suka yi yayi. Gaskiya irin wannan murfi yana zama daram, ba ya lanƙwashewa, yana kuma rage ƙarar ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. Amma mutumin bai tsaya nan ba. Rantsuwa yake tun ranar da ya ɗora shi motar ta ƙara ƙarfin doki, har kujera na jan bayansa idan ya taka. Ka ce a kai ta injin awo a gani, sai ya tuna yana da uzuri a gida. Abin da ya yi sauƙi a motar dai aljihunsa ne, wataƙila shi ya sa take tashi da wuri.

Alƙalin Asali. Da tocila yake yawo da rana tsaka. Yawanci ɗan ƙungiyar masu maido da motar Corvette yadda ta fito daga masana'anta ne, wato NCRS, wadda aka kafa a 1974. Ba ya gaishe ka sai ya ƙirga layukan murfinka, domin ya san na Corvette ta 1956 tara ne, waɗanda suka biyo baya bakwai. Ya san a injunan farko ramukan noti na sama da na ƙasa ba sa fuskantar juna, sai a 1959 aka daidaita su. Idan ya ga murfi mai walƙiya a kan motar 1957, fuskarsa sai ta koma ta mai karɓar gaisuwar rasuwa. Har fentin da ya ɗan fantsama inda bai kamata ba yana so a bar shi, wai haka ma'aikatan masana'anta suka fesa. Kuskuren kamfani a wurinsa sunna ne, gyaranka bidi'a.

Mai Aron Suna. Injin a-kori-kura ne a motarsa, amma murfin cewa yake Corvette. Ɗan'uwansa na ɓangaren Ford yana da Mustang ta talakawa, ya ɗora mata murfin da aka rubuta Cobra, irin na Shelby GT350 ta 1965. Ba ya ƙarya da bakinsa, murfin ya wakilta. Idan baƙo ya tambaye shi ko ta gaske ce, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai me ka gani?" Da ya hango tocilar Alƙalin Asali daga nesa sai ya rufe bonet, wai rana na ɓata robobi.

Mai Saye Kafin Awo. Hoto ya gani a intanet cikin dare ya biya. Kaya suka iso, dogaye ne, irin waɗanda ake yi wa injin tsere. Na hagu ya tokari tukunyar birki, na dama ya yi karo da ƙarfen da ke riƙe altaneta. Ya mayar ya karɓo wasu, sai ga shi injinsa na 1987 ne, lokacin da Chevrolet ta mayar da notin tsakiyar murfi. A karo na gaba ya samu masu santsi, babu rami ko ɗaya, gwanin kyau. Ya ɗaure tsaf, ya ɗauko galan, sannan ya tsaya yana neman inda zai zuba mai. An yi su ne a salon murafun injunan farko, lokacin da ake zuba mai ta wani bututu a gaban inji. Injin kuma yana buƙatar hanyar fitar da tururin cikinsa, wanda tun farkon shekarun 1960 dokar hayaƙi ta Kalifoniya ta sa ake mayar da shi ya ƙone. Ka toshe hanyar, tururin ya nemi tasa, ya turo mai ta kowace kafa. Garejinsa cike yake da murafun da suka dace da motocin wasu.

Ɗan Raba Ƙafa. Shi ba ya ɓata da kowa. Mai ƙyalli na kan inji, na asali na naɗe cikin bargo a ɗakin ajiya, da notinsu a leda an rubuta hagu da dama. Ranar yawon yamma ya fita da ƙyalli, ranar da alƙalai za su ba da maki ya kwana yana mayar da na kamfani. Gasket yake saye dozin-dozin. Matarsa ta daɗe tana cigiyar bargon.

Mai Tsatsa. Bai sauya komai ba, bai kuma wanke komai ba. Maiƙon da ya daskare a kan murfin tun zamanin kakansa tarihi yake kiransa. Ka kai hannu da tsumma, ka ga tashin hankali.

Dillali. Kowane watan Oktoba yana shimfiɗa kayansa a babbar kasuwar tsofaffin kayan mota ta Hershey, a jihar Pennsylvania. A shekarun 1970, lokacin da samari ke cire murafun kamfani suna jefarwa don ɗora masu walƙiya, shi ne ke bi yana tsincewa, ana yi masa kallon ɗan jari-bola. Yau samarin sun yi furfura, sun ji a wurin gwanjo mota mai kayanta na asali ta fi tsada, sun dawo suna nema ido rufe. Zai sayar wa dattijo abin da ya yar, ya karɓi tsohon mai walƙiyar a matsayin ragi. Wannan ma ba asara ba ne, domin jikokin sun fara tambayar kwalliyar shekarun 1970, wai ita ce ta zamanin. Ka tambaye shi wane murfi ya fi, zai ce maka wanda ba ka da shi, kuma ga shi nan a ƙarƙashin tebur.