Inna, Ki Koma Ɗaki, Akwai Rana

Mu dai Allah ya hore mana rana har muna kuka da ita. Amma leƙa gidajenmu ka ga waɗanda ranar ba ta ko taɓa jikinsu: tsofaffinmu. A kan wannan muka cinye la'asar ɗin shekaranjiya a majalisar ƙofar gidan mai unguwa, bayan wani maƙwabcinmu ya dawo da mahaifiyarsa daga asibiti.

Likita ya auna jininta, ya ce bitamin D ya yi ƙasa. Kafin su hau adaidaita, magana ta koma "jinin Hajiya ya yi ƙasa". Kafin magariba an sayo lemon malt da madarar gwangwani, an ɗora tukunyar zogale. Haka muke. Ciwon tsoho a wurinmu uku ne kacal: ko jini, ko sanyi, ko "ai tsufa ne, sai haƙuri". Shi ma likitan, in za a faɗi gaskiya, da Turanci ya yanka zancen yana rubutu, ko fuskar tsohuwar bai duba ba, ita da jikinta.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin asibiti, shi ya warware mana. Ya ce wannan sinadari fata ce ke haɗa shi idan rana ta same ta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, sannan shi ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam, abin da ke gina ƙashi. In ya yi ƙaranci sai ƙashi ya yi ta tsami, cinyoyi su saki, tashi daga sallaya ma sai an dafa bango. Wata rana santsi ya kwashi tsohuwa a banɗaki, ƙugu ya karye, mu ce tsautsayi. Ya ƙara da cewa fatar tsoho ba ta haɗa shi kamar ta saurayi, baƙar fata kuma ta fi fara buƙatar daɗewa a rana.

Nan majalisa ta kaure. Wani ya tuna kakarsa, wadda kullum in hantsi ya dubi ludayi tana kan tabarma a jikin katanga, hannuwa da ƙafafu a waje, tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da awaki. Yanzu mun samu abin hannu, mun rufe tsakar gida da kwano, mun shigar da Inna ƙuryar ɗaki da fanka da talabijin. Da ta ɗago labule sai jikoki su ɗauki ihu: "Inna, ki koma, akwai rana!" Wai gata ke nan. Mai shago ya ce ai tasa tsohuwar a bakin taga take yini. Malamin asibiti ya ce gilashi na tare ainihin hasken da ake buƙata, ɗumin kawai take sha.

Abinci kuma kada ma a tona. Gwaiduwar ƙwai, hanta, kifi mai maiƙo irin sardin, nan ake ɗan samun bitamin D ɗin. Mu maza mu cinye ƙwai uku a teburin mai shayi, mu aika wa tsohuwa kunu, wai ba ta da haƙori. Ƙwan ne ke buƙatar haƙori?

Wanda ƙanwarsa ke aure a Ingila ya ce can hukumar lafiya na shawartar kowa ya sha maikrogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, don ranarsu ba ta da ƙarfi a lokacin. Jin haka maƙwabcin namu ya miƙe zai kemis ya sayo babbar kwalba. Aka riƙo rigarsa: abin taruwa yake yi a jiki, in ya wuce kima har tsakuwar ƙoda yake jawowa, ya koma ya tambayi likitan adadin da za ta sha, da Hausa, a gabanta.

Jiya wajen ƙarfe goma na wuce ƙofar gidan maƙwabcin namu, na jiyo shi yana shimfiɗa tabarma a waje yana lallashi: "Hajiya, ki ɗan fito ki sha hantsi mana."

Daga cikin ɗaki ta ce, "Yau kuma? Ba kai ka hana ni ba, wai kada baƙi su ce ka bar uwarka a rana?"