Injiniyoyin kara

A Ingila akwai magidanta masu furfura da ke kashe albashi wajen sayen ƴan mitsi-mitsin sojojin roba na Warhammer, wasan da kamfanin Games Workshop ya fito da shi a 1983. Sai mutum ya kwana yana shafa musu fenti, kuma ba mai cewa a kai shi gidan malam a yi masa rubutu.

Mu a Kankiya da Kusada, da muna yara, kaka muke jira. Da an yanke dawa, kowane yaro ya zama injiniya. A fere kara da reza, a tsattsaga ɓawon, a soke totuwa, sai ga tirela irin wadda ke wucewa a titin Kano zuwa Katsina. Taya kuwa silifas ne, wani lokacin ma mai shi bai gama sawa ba, daga nan bulala ke shigowa cikin sana'ar. Fenti? Gawayi da bular wankin Inna. Masu shanun laka suna bakin kududdufi, garke guda, ba jangali.

Babban abokin gaba akuya ce, takan cinye mota har da direba.

Yau yaro ya iya latsa waya, amma ba shi kara ka ga ikon Allah: wuta zai hura.