Zuwa Ga Bawana Na Kebbe, Wanda Ya Ci Ƙasa Huɗu Da Ƙuli-Ƙuli

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Tambuwal ka cire takalmi ka gaishe ni. Labari ya iske ni cewa yanzu a Kebbe ba a isa a buɗe kwanon tuwo a gabanka ba sai ka gyara zama ka ce, "Mu da munka ci abincin ƙasashen waje…" Har yara sun laƙaba maka Alhajin Kumasi kana amsawa. To, tunda a gabana aka yi komai a tafiyarmu ta Gana a 2008, bari in tuna maka abin da ka manta.

Mu fara da jakarka, gana-mas-go mai ratsin ja da shuɗi. Jakar nan ta yi suna ne a korar baƙi ta 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke nan kusa da mu a hanyar Sakkwato. Duk jakunkunan duniya ka rasa wadda za ka shiga ƙasar mutane da ita sai wadda aka kore su da ita. A ciki kuwa riga ɗaya ce da wando, sauran duk ƙuli-ƙuli, garin rogo, dakuwa da ƙullin yaji. Da na yi magana a Jega ka ce ai haka fataken Gwanja ke yi. Gaskiya ne, a da ta Jega ayari ke bi zuwa Salaga sayo goro, amma su watanni suke yi a ƙafa da jakuna, suna kai kanwa da tufafi. Kai a mota kake zaune, kana tauna a hankali don kada na kusa da kai ya ji ƙarar ya miƙo hannu.

Mun wuce Kamba, mun shiga Gaya, mun haye gadar Kwara zuwa Malanbil, bakinka bai taɓa abin da aka biya wa kuɗi ba. A teburin mai shayi ka ɗauki dogon burodin nan nasu, ka juya shi, ka ƙwanƙwasa shi a benci, ka ce, "Wanga ya bushe, a rage mini." Mutumin ya ce da safen nan ya fito daga wuta. Sai ka nemi ruwan zafi kawai, ka jiƙa garinka. A Faraku kuma, garin sakwara, inda har direba ya ci ya ƙara da soyayyen cukun Fulani, sai ka sanar da mu kana azumin nafila. Azumin da ya karye a daidai lokacin da na tashi wanke hannu na bar rabin kwanona.

Amma Kumasi ce ta tona ka. Ka tuna matar nan mai shinkafa da wake a Aboabo? Irin dahuwarsu da ake jefa karan dafi a tukunya har abincin ya yi ja, a zuba maka a ganye, a ɗora taliya, gari, dafaffen ƙwai da baƙin yajinsu mai kifi. Ƙamshi ya ci ƙarfinka. Ta yi maka Hausa tsaf, ka saki jiki, ka gutsiri ƙwan, sannan ka ce, "Nawa na?" Ta ce dubu goma. Na ga ƙwan ya tsaya maka a maƙogwaro. Ka mayar da ganyen kan tebur da rabin ƙwai a kai, ka fara rantsuwa cewa kai ba ka ce a sa ƙwai ba. Abin da ba ka sani ba, a watan Yulin 2007 Gana ta goge sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya, 'yan kasuwa kuwa ba su daina lissafi da tsohon ba. Sidi ɗaya tak matar ke nema. Da aka yi maka bayani ka sauke ajiyar zuciya, ka cinye tas, ka lashe ganyen, sannan ka dube ni ka ce ba ka da canji.

Daga ranar ka gano sirrin zango, ka huta da jiƙa gari. Mutanen nan, Allah ya saka musu, suna riƙe da tsarin da fatake suka bari: baƙo ya sauka wajen maigida, a ba shi ɗaki da abinci, a haɗa shi da masu saye da sayarwa, in ciniki ya faɗa maigida ya sami la'ada. Da haka Bahaushe ya yi kasuwanci daga Sakkwato har bakin teku babu otal babu banki. Tsarin yana tafiya ne don baƙo na kawo ciniki. Kai cinikin da ka kawo wa maigidanmu huhun goro guda ne, shi ma sai da ka sa aka kwance ana ƙirga maka ɗaya bayan ɗaya. A madadin haka ka haddace jadawalin unguwa fiye da ladan. Ka san gidan da ke suna, ka san inda ake ɗaurin aure, ka san inda ake sadakar bakwai. Na gan ka da idona kana share hawaye a gidan mamacin da ko sunansa ba ka sani ba, hannu ɗaya a fuska, ɗaya a kwanon waina.

To yanzu faɗa wa mutanen Kebbe, wane abincin waje ka ci? Da safe koko da ƙosai. Da rana shinkafa da wake. Da dare tuwo da miyar yauƙi. Da aka kawo maka sakwarar rogo da ayaba tana iyo cikin miya, aka ce haɗiya ake yi ba tauna ba, ka ce kai ba ka haɗiye abin da haƙoranka ba su bincika ba. Dokunu kuwa ka shinshina ka ce ya lalace, alhali tsamin ne daɗinsa. Ka ratsa Nijar, Binin, Togo da Gana, cikinka bai bar Kebbe ba.

Sidi ɗayan nan har yau yana cikin littafina, tare da rabin sakwarar Faraku. Watan cika-ciki na tafe, sai ka haɗa su da kuɗin shara ka ba direban Tambuwal ya kawo mini. Kuɗi nake so a hannu, ɗan Gwaggo, kada ka kuskura ka aiko mini da ƙuli-ƙuli.